Yadda Nake Tace Ra'ayin 'Yan Kallo Kafin In Ƙona Data

Fim ɗin soyayyar ofis na talabijin, irin wanda manaja ke ta faɗa da sabuwar sakatariya har a ƙare da ɗaurin aure, ba zurfi ake nema a cikinsa ba. Dariya ce ta bayan isha'i. Saboda haka in ka leƙa sharhin mutane a YouTube ko Facebook, fara da tsallake masu cewa "babu darasi". Sun shigo kasuwar da ba tasu ba ce.

Nemi wanda ya kama wani wuri takamaimai: inda masinja ya ajiye wasiƙar soyayya a teburin oga, ko inda aka ɗauke wuta ana tsaka da taro. Wannan ya kalla da gaske. Masu yabon jaruma kawai, lesinta suke kallo.

Ni nan Gusau ma'aunina ƙanwata ce, ma'aikaciyar gwamnati. In ta ce, "Yaya, wallahi haka ofishinmu yake," shi ke nan, sai in sauke.

Duba kuma ko ana ƙorafin sauti, don barkwancin da ba a jin maganarsa ya mutu. Kashi na farko kaɗai za ka sauke tukuna, da tsakar dare lokacin da data ke araha.