Kurakuran da ake tafkawa wajen farfaɗo da kangon masana'anta a Zariya

Jirgin ƙasa ne ya jawo wa Zariya masana'antu. Layin dogo ya ratsa ta ya isa Kano a 1911, reshen Ƙaura Namoda ya biyo baya a 1929, sai gidajen gurzar auduga da manyan sito na gyaɗa da kamfanin taba suka jeru a Sabon Gari da kewaye, daga baya Cikaji da Dakace suka samu nasu. Yau da yawa cikin waɗannan wurare sun zama kangaye, gari kuma ya cim musu har ya wuce. Masu hannu da shuni sun sa musu ido, kuma ba laifi. Gaggawar ce ke jawo asara.

Mutum ya ga katanga da ƙofar ƙarfe, dillali ya ce "Alhaji, wurin nan babu rigima," sai ya biya. Alhali takardar mallakar irin wannan fili tana faɗin abin da aka ba da shi domin a yi, wato masana'anta, kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce ba a sauya mai fili sai da amincewar gwamna. Kafin ka fitar da ko kwabo, je KADGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye ta Jihar Kaduna, a bincika maka fayil: sunan wa ke ciki, shekara nawa suka rage, akwai bashin harajin ƙasa, an jinginar wa banki? Kamfanin da ya durƙushe da wuya ya tafi ba bashi, wani ma yana hannun AMCON, hukumar gwamnatin tarayya da ke karɓo basussukan bankuna da aka kasa biya, ga tsofaffin ma'aikata na jiran haƙƙinsu. Filin da ke jikin layin dogo kuwa galibi na hukumar jiragen ƙasa ne, haya ake bayarwa. Bayan nan a nemi izinin sauya amfanin fili da na gini daga KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, don kada a wayi gari a ga jan fenti a bango.

Kuskuren da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗaukar cewa tun da ciyawa ta rufe wuri, ƙasar lafiya take. Inda aka yi shekaru ana zubar da baƙin mai da rini da ruwan batir, ƙasa ba ta mantawa. Dubi gindin ɗakin janareta: za ka ga ƙasar ta yi baƙi ƙirin, ta danƙare, in aka yi ruwan sama sai maiƙo ya taso yana ƙyalli a kan kududdufi. Sau da yawa akwai tankin man dizal binne a nan wanda tsatsa ta huda. Man da ke cikin tsohuwar taransifoma ma yana iya ɗauke da guba. A Zariya kuwa duk wanda ya yi gini sai ya haƙa rijiya ko burtsatse, abin da ya malala kuma yana gangarawa Kubanni da Galma, inda masu noman rani ke ban ruwa. Ba mu manta gubar dalma ta Zamfara a 2010 ba, wadda ta kashe yara sama da 400. Maganin da aka yi a can shi ne kankare ƙasar gidaje aka kawo sabuwa. Don haka a ɗebi ƙasa daga wurare daban-daban, sama da can ƙasa, haɗe da ruwan rijiyar maƙwabta, a kai gwaji. Ga Jami'ar Ahmadu Bello nan a Samaru, ba sai an je Legas ba. In sakamako ya nuna matsala, a tono tankin, a kwashe ƙasar da sanin KEPA, hukumar kare muhalli ta jihar. Wurin da bai gyaru sosai ba, a dafe shi da kankare a yi sito ko gareji, kada a yi gidan kwana ko makarantar yara.

Sai kiran 'yan gwangwan tun ranar farko. A sare ginshiƙan ƙarfe a sayar da su a kan sikeli, daga baya a sayi rodin da bai kama ƙafarsu ba. Doguwar rumfar da ba ginshiƙi a tsakiyarta tsada gare ta yau, kuma garin da ake hada-hadar masara da waken soya ba ya rasa mai neman sito. Injiniya ya fara dubawa, ya ware abin da zai tsaya. A Landan, tsohuwar tashar lantarki aka mayar gidan baje kolin zane na Tate Modern a 2000, ba a rushe ta ba.

Rufin asbesto, wannan mai ruwan toka mai kama da siminti, kada a bar leburori su farfasa shi da guduma. Ƙurarsa na jawo cutar daji a huhu, kuma sai bayan shekaru masu yawa take bayyana. A jiƙa shi, a sauke shi ɗaya bayan ɗaya, da takunkumi na gaske, kada a sayar wa mai ginin bayan gida.

Awon igiya ma yana kashe wuri: a yanka fili gutsi-gutsi, kowa ya danƙara shago har bakin titi, a toshe tsohuwar magudanar kamfanin, damina ta farko ruwa ya shiga gidajen mutane. A fara fitar da hanya da kwalbati da wurin juya tirela kafin fegi. A kuma zauna da mai unguwa da makanikai da masu walda da suka daɗe suna cin abinci a jikin katangar, a ware musu layinsu a cikin zanen tun kafin a kafa harsashi.