Yadda za ka kalli tseren keke na cikin fili ka gane abin da ake yi

Mutane da yawa in suka ci karo da tseren keke na cikin fili a talabijin, galibi lokacin Olamfik, sai su ga mutum biyu suna tafiya sannu a hankali suna satar kallon juna, su ce kai wannan wane irin tsere ne, su canza tasha. Abin yana min ciwo wallahi, don wasa ne mai daɗi in ka san ta inda za ka kama shi.

Kafin ka kalli 'yan tseren, tsaya ka kalli filin tukuna. Belodurom ake ce masa, na manyan gasanni zagayensa mita 250 ne, da katako ake shimfiɗa shi, wurin shan kwana kuma a karkace yake kamar cikin ƙwarya, ya haura digiri 40. Kekunan ba birki, giya ɗaya ce tak, feda kuma ba ta tsayawa muddin taya na juyawa. Shi ya sa mai son rage gudu yake hawa sama, mai son ƙara wuta ya gangaro. Sai layukan da aka zana: baƙin na ƙasa a kansa ake auna tsawon filin, shi ne hanya mafi kusa, ja yana sama da shi kaɗan. In aka shiga gudun ƙarshe, wanda ya riga ya kama tsakanin baƙi da ja ba a kutsa masa ta ƙasa, dole ka zagaye shi ta sama, kuma sau da yawa in ka ga alƙalai sun ƙwace nasarar wani to a kan layin nan ya yi laifi.

Ka fara da sifirin, wato gajeren tseren mutum biyu, zagaye uku. Yana cikin tsofaffi, tun gasar duniya ta farko da aka yi a Shikago a 1893 akwai shi, Arthur Zimmerman na Amurka ne ya ci. A 1899 a Montiriyal kuma Major Taylor ya ɗauka, baƙar fata ne daga Amurka, a zamanin da wasu filayen ƙasarsu ma ba sa bari ya shiga saboda launin fatarsa, duk lokacin da na tuna wannan sai na ƙara ganin girman mutumin. To me ya sa suke jan ƙafa a farko? Iska ce. Na gaba shi ke sara iska, na baya yana fake yana tara ƙarfi, don haka kowa so yake ya tura ɗan'uwansa gaba. Kai dai ka zuba ido a kan wuyan na gaba, yadda yake waiwaye kusan duk tafiyar, da na baya yadda yake ɗan ja da baya ya hau sama. Wannan tazarar da ya bari ba tsoro ba ne, wurin ɗaukar gudu yake nema, da zarar na gaba ya kau da kai sai ka ga ya zubo kamar shaho.

In ka gane wannan, keirin ba zai ba ka wuya ba. Daga Japan ya fito, a 1948 aka fara shi a Kokura a matsayin tseren caca, ya shiga Olamfik a 2000 a Sidni. Babur ne ke tafiya a gaban 'yan tseren yana ƙara gudu har wajen kilomita 50 a awa, bayan zagaye uku ya fita ya bar su da sauran ukun. Ka lura da wanda ya samu gurbi mai kyau kafin babur ya fita.

Madisin ne zai ruɗa ka, kowa ya ruɗe a kallon farko, kada ka damu. Asalinsa tseren kwana shida ne da ake yi a Madison Square Garden a New York, mutum ɗaya ya yi ta tuƙi dare da rana har ya fara fita hayyacinsa, sai aka kafa doka ta taƙaita tuƙi zuwa awa 12 a rana, masu shirya gasar suka mayar da shi na mutum bibbiyu a 1899, ɗaya na tsere ɗaya na hutawa. Har yau haka ake yi, mai hutawa yana sama wajen shuɗin layin da ke saman jan layi yana tafiya a hankali, in abokinsa ya iso ya kama hannunsa ya wurga shi cikin tsere. Shawarata ka zaɓi ƙasa ɗaya ka bi rigarta kawai, ka manta da saura. Duk zagaye 10 ana rabon maki 5, 3, 2, 1 ga ƙungiyoyi huɗun da ke gaba, ƙungiyar da ta tsere wa sauran da zagaye guda kuma ta samu 20.

Rigar nan fara mai ratsi kala biyar a ƙirji in ka gan ta, zakaran duniya ne ya sa. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ce ke ba da ita, wadda aka kafa a Faris a 1900. Mata sun jima suna jira gaskiya, sai 1958 aka ba su gasar duniya, Olamfik kuwa da maza ke yi tun Atina a 1896 sai 1988 suka shiga a Seoul, Erika Salumäe ta ci sifirin.

Na ƙarshe da zan ce ka nema, ka kalla daga farko har ƙarshe ba tsallakewa, shi ne tarihin awa ɗaya: mutum shi kaɗai a fili, agogo na tafiya, a ga nisan da zai ci. Henri Desgrange ya yi kilomita 35.325 a 1893, Eddy Merckx ya yi 49.431 a birnin Meziko a 1972, Filippo Ganna na Italiya ya kai 56.792 a Grenchen ta Suwizalan a 2022. Ka sa ido sosai a mintuna goman ƙarshe, ko tayarsa na nan daram a kan baƙin layi ko ta fara kaucewa, a nan ake gane wanda gajiya ta kama.