Yadda na gyara keken kishingiɗe mai ƙaramar tayar baya

Kekena mai ƙafa uku ne, irin wanda ake tuƙawa a kishingiɗe, tayoyi biyu a gaba, ɗaya a baya (ba A Daidaita Sahu ba, kafin wani ya tambaya). Dukkansu inci 20 ne. A hawan tudu ba ni da ƙorafi, amma da na hau miƙaƙƙen titi sai giyar keken ta ƙare: ƙafafuna suna ta wulwula feda, keken kuwa ya ƙi ƙara gudu.

Da na zauna na yi lissafi sai na gano laifin. Tayar inci 20 tana cin kusan mita 1.5 a juyi ɗaya, ta inci 26 kuwa ta ɗan haura mita 2. Farantin sarƙa na gaba, wanda feda ke juyawa, haƙora 52, na tayar baya 11, ke nan juyin feda ɗaya mita 7 kawai yake ba ni. Da babbar taya da ya kusa 10.

Na so in sa tayar inci 26 a baya, firam ɗin keken ya ce bai san zancen ba, babu wurin da za ta shiga. Kuma gaskiya ina son ƙaramar, don ba ta lanƙwasa a kwana.

Sai na sauya farantin gaba zuwa mai haƙora 60. Yanzu ina samun mita 8 da ɗoriya. Dole na ƙara tsawon sarƙa, na kuma ɗaga abin sauya giya na gaba don kada ya goga. Ramukan hanya dai har yau ina jin su a gadon bayana.