Dabarar riƙe "go, went, gone" ba tare da ruɗewa ba

Masu koyon Turanci, kada ku haddace "go" shi kaɗai. Ku riƙa rera ukun tare kamar karatun allo: go, went, gone. Da baki ya saba, shi ke nan.

Ƙara -ed don nuna abin da ya wuce ba ya aiki a nan, domin "went" ba daga "go" ya fito ba. Na wani tsohon aikatau ne, "wend", wato juyawa ko kama hanya. Wajen ƙarni na 15 "went" ya maye gurbin "eode", tsohuwar kalmar da ke nufin "ya tafi", a Ingila.

Amma fa ku kula, in "did" ya shigo, "went" ya fita. "Did you go?" ake cewa.

"He has gone" kuma na nufin ya tafi bai dawo ba. In ya je ya dawo, "has been" za ku ce.