Masu Digirin Digirgir a Fannin Walwalar Al'umma, Ga Inda Kuke Tafka Kuskure a Ƙauye

Na gaji da ganin ɗalibai suna shigowa ƙauyukan Jigawa da jaka cike da takardun tambayoyi, su koma jami'a da ƙarya fal, suna murna wai sun samo bayanai.

Tallafi shi ne babban tarko. A wurin mutanenmu, duk wanda ya sauko daga mota yana rubuta sunaye, rabo ya kawo. To ka tambayi magidanci dami nawa ya samu bana, me kake jira ya ce? Mai rumbu uku shaƙe da gero zai rantse ko tiya ba shi da ita. Nan take marayu su yawaita, kowane gida ya samu mara lafiya. Aikin rani guda sukutum wannan ya taɓa cinye min. Yanzu a gaban dagaci da liman nake ɗaga murya in ce karatu nake yi, ba ni da ko sisi na rabawa, kuma ba na rubuta sunan kowa. Taron zai ragu sosai. Ƙyale su su tafi, da waɗanda suka rage za ka yi aiki.

Sai kuma kai namiji mai bincike kan yoyon fitsari ko auren wuri, ka shimfiɗa tabarma a zaure kana tambayar maigida. Haba malam! "Lafiya lau suke" kawai za ka ji. Matar da ta kwana tana naƙuda kafin a kai ta asibitin Jahun, ko ciki ka shiga ba kai za ta faɗa wa ba. Nemi mace 'yar yankin ta shiga bayan an gama daka, kuma ta san dabarar janye uwar miji daga wurin.

Kada ka tilasta wa kowa dangwala yatsa a takardar amincewa. Ba a manta da gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996 ba, wanda aka yi zargin an yi shi ba da amincewar iyayensu ba. Karanta wa mutum da Hausa, in jami'arka ta yarda ka karɓi amincewarsa da baki.

Da damina kowa yana gona, ga ambaliya tana yanke hanya a yankin Haɗejiya da Auyo. Ranar kasuwa ma kada ka je.

Batun almajirai kuwa ya sha rubutu daga titunan birni. In dole sai ka taɓa shi, tafi ƙauyen da yaran suka fito, ka zauna da uban da ya tura su.