Yadda Ake Zaɓen Man Gashi da Yadda Ake Shafa Shi

Mai ba ya jiƙa gashi. Yawancin matan da ke kukan gashinsu ya bushe yana kakkaryewa ba rashin mai ne ke damunsu ba, wasu ma man ne ya yi musu yawa. Ruwa ke sa gashi laushi. Aikin mai shi ne ya tsare ruwan kada ya gudu, kamar murfi a kan tukunya, kuma in tukunyar ba komai a ciki murfin bai tsare komai ba. A kan wannan duk matakan da ke tafe suka tsaya.

Mataki na farko: duba kanki kafin ki sayi komai

Ranar da kika yi tsifa, ki tsaga gashin a gaban madubi ki dubi fatar kai. In tana nan lafiya, ba ƙaiƙayi ba ɓarɓashi, kin huta. In ɓarɓashin ƙanana ne farare busassu, irin wanda ke fitowa da hunturu, bushewa ce, ɗan mai zai taimaka. Amma in ɓarɓashin manya ne masu maiƙo, masu ɗan rawaya, ga ƙaiƙayi, wannan amosanin kai ne, kuma a nan ake yin babban kuskure. Amosani yana da alaƙa da wani naman gwari mai suna Malassezia da ke zaune a fatar kowa, abincinsa kuwa maiƙo ne. Man zaitun ma da shi ake kiwon wannan naman gwari a ɗakin gwaji. Mai amosanin da ke kwarara man zaitun a fatar kai tana ciyar da abin da ke damunta ne. Abin da take buƙata shamfu ne mai maganin ketoconazole, ana samunsa a kemis, mai kuma ya tsaya a jikin gashi.

In yaro ne ko yarinya aka ga gashi ya zube a wuri guda, zagaye, da fari-fari, makero ne. Ba man da ke kashe shi. Maganin sha likita ke bayarwa, kuma a raba masa matajinsa da hularsa.

Mataki na biyu: zaɓen mai

Ba sai kin tara kwalabe goma ba. Biyu sun isa: ɗaya mai ruwa-ruwa, ɗaya mai kauri.

Man kwakwa shi ne wanda aka fi tabbatar da aikinsa. Sinadarin lauric da ke cikinsa ƙanana ne ƙwayoyinsa, suna ratsa silin gashi su shiga ciki. A wani bincike da aka buga a 2003 an gwada shi da man sunflower da man ma'adinai, wato wanda ake tacewa daga ɗanyen man fetur, aka ga shi kaɗai ya rage zubar furotin daga gashi. Saboda haka ya fi amfani kafin wanki. Aibinsa ɗaya: yana daskarewa in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 24, shi ya sa da hunturu wasu ke jin gashinsu ya sandare bayan sun shafa. In haka yake miki, ki ajiye shi sai bazara.

Man kaɗanya namu ne, kuma a ganina da hunturu babu kamarsa. Yana da kauri, yana narkewa da ɗumin tafin hannu, yana rufe gashi iska ba ta zuƙe ruwan. Ki nemi wanda ba a tace ba, mai launin madara ko ɗan rawaya, da ƙanshinsa na kaɗe. In kin ji yana wari mai tsami ko na tsohon man suya, ya lalace, ki bar wa mai shi kayansa. Man alayyadi ma dangin man kwakwa ne wajen sinadari, ga araha, sai dai ƙaurinsa ba kowa ke so ba.

Man zurma, wanda wasu ke kira cika-gida, shi ne ake ta yayatawa yana tsirar da gashin goshi. Yana da danƙo, yana sa sheƙi, yana hana bakin gashi bushewa, amma babu hujja mai ƙarfi cewa yana tsirar da gashi. In za ki yi amfani da shi ki sirka: cokali ɗaya nasa, cokali uku na man riɗi ko na zaitun. Shi kaɗai yana iya cukurkuɗe gashi. Man riɗi da na zaitun kuwa masu sauƙi ne, na yau da kullum.

Sai basilin da yawancin man kitso na gwangwani, waɗanda tushensu man ma'adinai ne. Ba guba ba ne kamar yadda wasu ke faɗa. Suna rufe danshi sosai, amma suna kama ƙura, kuma ruwa kaɗai ba ya fitar da su. Mai amfani da su dole ta riƙa wanke kai da shamfu a kai a kai.

Akwai kuma mayuka masu ƙarfi da ake sayarwa a ƙananan kwalabe, irin su na na'a-na'a, na kanumfari da na rosemary. Ba a shafa su zalla, suna ƙona fata. Ɗigo biyu ko uku a babban cokali na man riɗi ya wadatar. Na rosemary ya yi suna ne saboda wani gwaji na 2015 a kan mutum 100 masu sanƙo, inda aka kwatanta shi da minoxidil, maganin tsirar da gashi, na tsawon wata shida. Gwaji ɗaya ne ƙarami, kada ki ɗora masa dogon buri. Mai ciki da ƙananan yara su bar su sai da shawarar likita.

Mataki na uku: gwaji

Kowane sabon mai, ki ɗiga kaɗan a bayan kunne ko cikin gwiwar hannu ki bari kwana biyu. In ya yi ja ko ƙaiƙayi, ba naki ba ne.

Mataki na huɗu: shafawa kafin wanki

Ki raba gashin gida huɗu ko shida. Ki zuba cokali biyu na man kwakwa a ƙaramin kofi, ki tsoma kofin a ruwan ɗumi ya narke. Kada ki ɗora shi a wuta, ki kuma taɓa da yatsa kafin ya hau kanki. Ki shafa a kowane kashi daga baki zuwa tsakiya, kina warware kulli da yatsu tun kafin mataji ya shiga. Ki rufe da leda ko hular wanka minti talatin zuwa awa ɗaya, sannan ki wanke. Shamfun a fatar kai za ki murza, kumfar da ke gangarowa ta ishi gashin. Sau ɗaya a mako ko duk mako biyu ya yi.

Mataki na biyar: shafawa bayan wanki

Nan ne aikin yake. Ki tsane gashin da tsohuwar riga ta auduga, kada ki goge shi da ƙarfi, ki bar shi da damshi. In kina da kirim ɗin gashi mai ruwa ki fara sa shi. Sai ki ɗebi man kaɗanya kamar ƙwayar gyaɗa ga kowane kashi, ki murza a tafin hannu har ya narke, ki bi gashin da shi. Ki fi ba bakin gashi ƙarfi. Gashi na tsiro kusan santimita ɗaya a wata, ke nan bakin gashi mai tsawon santimita 24 ya kai shekara biyu yana shan taza da rana da ƙura. Shi ke karyewa, shi ya sa mace ke ganin gashinta ba ya tsawo alhali tsiro yake yi. Matan Chadi da suka yi suna da cebe, garin gyaran gashi nasu na gargajiya, haka suke yi: suna jiƙa gashi, su shafa garin da mai a jikinsa, su kitse, ba sa cusa shi a fatar kai. Tsawon da ake gani na rashin karyewa ne.

Ma'aunin yawa mai sauƙi ne. In kin taɓa kanki yatsu sun fito suna naso, ko ɗankwali da matashin kai sun yi tabo, ya yi yawa. Ƙurajen da ke fitowa a goshi da gefen fuska ma sau da yawa man kai ne ya gangaro.

Kada ki ɗaura ɗankwali ko ki sa hijabi a kan jiƙaƙƙen kai mai mai. Zafi da damshi da maiƙo suna kawo wari da ƙaiƙayi. Ki bari ya sha iska tukuna.

In kina da kitso

Duk kwana biyu ko uku ki fesa ruwa kaɗan a kan kitson, sannan ki bi tsagar da ɗan man riɗi a kan yatsa, ki murza a hankali da tsokar yatsa ban da farce. Mai amosani ta tsallake tsagar, ta shafa a jelar kitson kawai. Da dare a ɗaura ɗankwali mai santsi, domin auduga na shanye man.

Gashin goshi kuwa, in yana ja da baya, ki fara duba hannun mai kitso kafin ki nemi mai. Kitson da ke hana barci daren farko, ko ya fito da ƙuraje a gefen kai, yana tumɓuke gashi daga tushe, in aka daɗe ana yi kuma wurin ba ya sake tsiro. Ki ce mata ta sassauta, ta bar ƙananan gashin gaba. In kuma zubar ta zo farat ɗaya, ko da ciwo, ko ta wuce watanni bayan haihuwa ba ta tsaya ba, a je asibiti a duba jini, don ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo duk suna zubar da gashi.