Kurakuran sabon matuƙi a jirgin sama mai taya a wutsiya

Wanda ya koyi tuƙi da Cessna 172, mai ƙaramar taya a ƙarƙashin hanci, yakan ɗauka duk ƙaramin jirgi ɗaya ne. Ranar da ya hau Piper Super Cub ko Cessna 185, masu taya a wutsiya, zai gane bambancin. A sama ba su da rigima. A ƙasa ne suke nuna halinsu, domin tsakiyar nauyinsu tana bayan manyan tayoyi biyu. Kamar ka tuƙa keke mai ƙafa uku da baya ne, kuma da gudu: da wutsiya ta ɗan goce, sai ta nemi wuce hanci, jirgi ya yi juyi a kan tayoyinsa, wani lokaci har fiffike ya daki ƙasa.

Babban kuskure shi ne barin ƙafafu su yi barci a kan feda, wato abin da ake takawa a juya hanci hagu ko dama. Sabon matuƙi yakan jira sai hanci ya karkace sosai, sannan ya danna da ƙarfi, jirgi ya kwaso zuwa ɗaya ɓarin. Gyara ƙanana ake so, da wuri, a taɓa a saki. Kafa idonka can ƙarshen titi. Lokacin tashi kuma, da ka ɗaga wutsiya, farfela za ta ja hanci hagu, don haka ƙafar dama ta zauna cikin shiri.

Ga kuma iska. A Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, daga Disamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas, da ƙurarta. In ta bugo ta gefe, karkata sandar tuƙi zuwa inda take fitowa, ka ƙara karkatawa yayin da gudu ke raguwa. Da yawa sukan saki sanda da taya ta taɓa ƙasa, su sauke ajiyar zuciya. To, a nan ne ake ɓari.

Birki ma a yi masa a hankali. Taka shi da ƙarfi a filin daji mai rairayi, jirgi ya kife da hanci. Bayan ka sauka a kan tayoyi ukun a tare, ja sanda har ciki ka riƙe, wutsiya ta manne da ƙasa. In kuwa jirgi ya yi tsalle, kada ka tilasta masa zama, ba shi wuta ka sake zagayowa.

A Amurka, tun 1991 doka ta ce sai malami ya horar da matuƙi ya sa masa hannu kafin ya tuƙa irin wannan jirgi. Nemi malamin da ya saba da shi, ku fara da sassafe, kafin iska ta tashi.